Ranar da Sulusi Ya Ƙi Ƙarewa a Allona

Shekarar da aka wayi gari aka ce mu 'yan Jihar Sakkwato ne, ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ba don jihar ba. A lokacin ina koyar da addini a wata firamare a Warra, aikin wucin gadi. Yara sun cika makaranta, malamai sun yi kaɗan. Hedimasta ya ce idan na koyar da lissafi a gaban sufeton makarantu ya gamsu, za a ba ni aji nawa, a tabbatar da ni a aiki.

Ni kuwa an san ni da rabon gado. Nisfi, rubu'i, sumuni, duk a kaina suke tun ina karatun zaure. Ana gobe sufeto zai zo, Malam Bawa mai koyar da lissafi ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake mayar da kaso zuwa ɗigo. Rabi ya zama 0.5, kwata ya zama 0.25. Ya ce, “Saura wani iri, Malam, shi ne mai rikici.”

Na ce, “Bawa, na raba gadon mutum mai 'ya'ya goma sha bakwai da jirgin ruwa ɗaya. Tafi ka huta.” (Allah Ya yafe mini, har kafaɗarsa na dafa.)

Washegari sufeto ya iso daga Yelwa, ya rubuta huɗu bisa goma sha biyu a allo, ya koma bayan aji ya zauna. Na yi bisimilla na rage shi: biyu bisa shida, ɗaya bisa uku. Sulusi ke nan, tsohon sanina. Sai ya ce, “Madalla. A mayar mana da shi ɗigo.”

Na sa sifili da ɗigo. Uku a cikin goma, sau uku, saura ɗaya. Na ƙara masa sifili, ya zama goma. Sau uku, saura ɗaya. Na sake. Saura ɗaya.

To mu a karatunmu, ba a tashi daga rabo da saura a ƙasa. Abin da ya rage haƙƙin wani ne, sai an san mai shi. Don haka na ci gaba da jera uku har na kai bakin allo, na sauko layi na biyu. Raina ya soma ɓaci. Na ce lallai kuskure na yi a farko, na goge duka, na sake bisimilla. Ɗayan nan ya dawo kamar ya san gidana. Alli ya gutsure, na ɗauki guntun. Bawa kuwa yana bakin taga, ya rufe fuska da hularsa yana danne dariya.

Sufeto ya ce, “Malam, yaushe za mu isa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, saura ɗaya.”

“Tun ɗazu ma saura ɗaya. Ko za ka kai Azahar ta gobe, ba ya ƙarewa. Ana rubuta uku sau biyu ko sau uku, a tsaya.”

Nan ya kamata in yi shiru. Amma sai na ji bakina yana cewa, “To ɗayan fa, wa za a ba?”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta wani abu a littafinsa. Aji dai wani aka ba, ni na koma kan tsarki da alwala har shekara biyu.

Da yamma na je gidan Bawa na ce ya yafe mini, ya kuma ƙarasa abin da na katse. Ya ƙarasa, bai fi minti biyar ba, rabinsa ma dariya ce.

Tun daga ranar, in mutum ya ce mini “saura wani iri”, gyara zama nake yi. Amma tsakanina da Allah, har yau ban gamsu da yadda aka bar ɗayan nan babu mai shi ba. Na dai daina tambaya a gaban manya.