Rasuwar Jan Kube, Wanda Bai Taɓa Ganin Bindiga Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ake ta lallashi kada ta yi murmushi, iyalan Kurtu Baha'uddeen Nata'ala na unguwar Dagenham da ke Landan suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Jan Kube, gidan ƙaramar bindiga, wanda rai ya yi wa halinsa wata Asabar da hantsi, a falon gidan, a hannun mutumin da ya sa aka ɗinka shi. Ya rasu da ƙuruciyarsa. Bai taɓa ganin bindiga ba, ita ma bindiga ba ta taɓa ganinsa ba.

Marigayin ɗan asali ne. An haife shi a rumfar wani tsohon baduku a Kano, daga fatar jar akuya mai kyawun jima, aka yi masa ɗinkin hannu da koren zare, aka sa masa maɓallin ƙarfe a baki da ɗan tuntu a gefe. Wanda ya ɗauki nauyin haihuwar shi ne mahaifin Baha'uddeen, Sufeto Nata'ala mai ritaya, wanda ke zaune a Gumel yana kiwon zabi da tsare gida.

Duk wanda ya san Sufeto ya san maganarsa da 'ya'yansa ba ta cika cokali. Tun da Baha'uddeen ya zo Landan, wayar Lahadi bayan la'asar ba ta sauya ba: "Lafiya? Aiki? To, ga uwarka." Haka aka yi lokacin da yake karatu, haka aka yi lokacin da yake gadin wani babban kanti, haka ma ranar da ya yi aure. Sai Lahadin da ya ce an ɗauke shi aikin ɗan sanda. Ran nan tsohon bai miƙa wayar ba. Aka ji ya gyara zama, kujera ta yi ƙara, sannan ya ce, "Wace iri za ka zaɓa?"

"Wace irin me, Baba?"

"Bindiga mana. Ko da tsintsiya za ka fita?"

To, duk mazaunin Landan ya san ɗan sandan da ke sintiri a unguwa ba ya rataya bindiga. Masu riƙe ta daban suke, sai an tace, an horar, kuma su ma abin da aka ba su suke karɓa, ba a shimfiɗa musu a faifai su zaɓa. Amma Sufeto ya taɓa zuwa sau ɗaya, ya bi ta Charing Cross, ya ga 'yan sandan da ke gadin ofisoshin jakadanci da manyan bindigogi a ƙirji. Gani ya kori ji, in ji shi, kuma tun daga nan babu mai gaya masa komai game da 'yan sandan Ingila.

Baha'uddeen ya buɗe baki zai gyara masa. Sai ya ji wani abu a muryar mahaifinsa wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro, wato ɗoki. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya ji tsoron kashe wannan ɗokin, sai ya ce, "Ina nan ina shawara, Baba."

Daga wannan shawarar aka samu cikin marigayin.

Wayar Lahadi ta zama majalisa. Sufeto ya tsaya kai da fata a kan harsashi mai lamba arba'in da biyar. "Wannan," in ji shi, "ko bai samu ɓarawo ba, ƙararsa kaɗai ta kayar da shi." Baha'uddeen, wanda bai taɓa taɓa kunamar bindiga ba, ya koma kallon bidiyon masana a cikin jirgin ƙasa, yana haddacewa kamar mai shirin jarrabawa, don ya samu abin mayarwa. Ya zo da hujja cewa lamba tara ba ta da naushin hannu, cikinta ya fi cin harsasai, kuma in ka harba na farko hannunka na nan daidai don na biyu. Tsohon ya ce lamba tara ta masu siririn hannu ce. Ya kawo tarihin libarbarsa mai lamba talatin da takwas, wadda ba ta taɓa sarƙewa ba. Suka yi gardama a kan nauyi a ƙugu in mutum ya wuni a tsaye, suka yi a kan mariƙin da ya dace da tafin hannu. Har tuwo ya riƙa hucewa a Gumel, shayi na hucewa a Dagenham.

A ƙarshe abin da ba a taɓa gani ba ya faru. Sufeto ya ja numfashi ya ce, "To, Kurtu, na ji. Ɗauki lamba taran." Tunda Baha'uddeen yake, ran nan mahaifinsa ya fara sallama masa a gardama, kuma a kan abin da babu shi.

Ba a daɗe ba marigayin ya iso cikin akwatin wata Hajiya, tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, ƙamshin da ya riƙe da amana har ƙarshen rayuwarsa. Ya zo da wasiyya ɗaya daga Sufeto: "Ka bar ta a ciki kullum. Fata tana koyon siffar abin da ta riƙe."

Jama'a za su shaidi marigayin da haƙuri. An ɗinka shi don fagen fama, ya tsinci kansa a hannun kujera, bai taɓa yin ƙorafi ba. Uwargida Karimatu ce ta samar masa aiki, ganin rimot ɗin talabijin kullum yana ɓacewa cikin matasan kujera. Ta zura shi ciki, ya zauna daram kamar da shi aka auna. Tun daga ranar rimot bai ƙara kwana a waje ba. Har yanzu mutanen gidan suna jin muryar marigayin a kunnuwansu: ƙiiƙ-ƙiiƙ ta sabuwar fata in an jingina da shi, da ɗas ɗin maɓallinsa in lokacin labarai ya yi.

Rashin lafiyarsa ta fara ne da sanyi. Shi ɗan busasshiyar ƙasa ne, ga shi an ajiye shi kusa da tagar da ke gumi dare da rana. Fumfuna ta kama shi, ya yi kore-kore, ya yi laushi. Karimatu, da kyakkyawar niyya, ta goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗora shi a kan hita da rimot ɗin a ciki don kada ya lotse. Da aka tuna da shi ya bushe ƙamas, ya rungume rimot rungumar da ba saki. Daga nan sai dai a ɗaga kuben gaba ɗaya, a saita talabijin ta ɗan ramin gindinsa, a danna ta saman fata. Iyakar abin da marigayin ya taɓa aunawa ke nan a duniya, kuma bai taɓa kuskure ba.

Ana cikin wannan jinya labari ya zo cewa Sufeto na tafe, za a duba masa ido.

"Yallaɓai," in ji Karimatu, "ka gaya masa gaskiya tun kafin ya yi landing. Flat ɗin nan bai da girman da za a ɓoye ƙarya a ciki."

"In na gaya masa," in ji Baha'uddeen, "ranar Lahadi me za mu riƙa cewa?"

Karimatu ta ɗauko cokali, suka taru suka ɓanɓare rimot daga jikin majinyacin.

Ranar Asabar bayan karin kumallo Sufeto ya ce a kawo masa su, bindigar da gidanta. Baha'uddeen ya ce ita a station ake barin ta. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce haka doka take. Ya karɓi kuben, ya ɗora tabarau, ya matsa kusa da taga. Likita ya ce idon ya yi rauni, amma yatsun da suka shekara suna shafa fata ba su yi ba. Ya bi jikin marigayin a hankali. Ga 'yan tudu-tudu jere reras, sahu-sahu, ga wani babban zagaye a tsakiya. Fata ta yi abin da aka ce za ta yi.

"Kurtu."

"Na'am, Baba."

"Wannan lamba taran taka, ina ne wajen ƙara mata murya?"

Karimatu ta tuna tana da aiki a kicin. Sufeto ya sa manyan yatsunsa biyu a bakin kuben don ya leƙa ciki, ya ɗan buɗa. Marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe, ɓarat, ya rabe biyu daga baki har gindi.

A kan gawar Baha'uddeen ya faɗi komai. Tsohon ya saurara, rabi a hannun dama, rabi a hagu.

"To da me kake fita?"

"Kulki, da ankwa, da ɗan gwangwanin barkonon tsohuwa, da oba-oba."

"Sai me?"

"Sai baki, Baba."

Sufeto ya ce, "To." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya su ne ainihin zaman makoki. Ana cin abinci a kwano ɗaya, amma magana ta koma gidan jiya: "Lafiya? Aiki?" Baha'uddeen ya fi son a zage shi. Bai yi kukan kube ba, kuma ba kunyar kamun ce ta fi damunsa ba. Abin da ya ci masa rai shi ne ya ɗanɗana hira da mahaifinsa, ya san daɗinta, ga shi ta tafi.

Ana saura kaɗan tsohon ya koma, wata rana da yamma aka kira Baha'uddeen da abokiyar aikinsa bakin tashar bas, inda wani mutum ya sha ya yi tatil, ya fasa kwalba yana juya ta yana ihu, mutane sun yi da'ira daga nesa. Baha'uddeen ya tsaya inda kwalbar ba za ta kai ba, ya buɗe tafukan hannunsa, ya tambayi mutumin sunansa. Aka zage shi. Ya sake tambaya. Aka zagi kakarsa. Ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa, ba gaggawa, har ihu ya koma gunaguni, gunaguni ya koma kuka, mutumin ya zauna a bakin titi ya ajiye kwalbar. Sai da aka sa shi a mota Baha'uddeen ya ɗaga kai. Can cikin taron ya hango hula zanna, da ledar burodi a hannun hagu, hannun dama kuma dafe da ƙugu, daidai inda libarba take zama a da. Kafin ya ƙarasa wajen, tsohon ya juya ya tafi.

Sufeto bai tayar da maganar a gida ba, bai tayar da ita a filin jirgi ba. Bayan tafiyarsa ne aka lura rabin gawar ya ɓace.

Lahadi bayan la'asar waya ta yi ƙara. "Lafiya? Aiki?" Baha'uddeen ya amsa, ya rufe ido yana jiran "ga uwarka." Sai kujera ta yi ƙara.

"Mutumin nan mai kwalba. Me ka ce masa?"

"Ba wani abu ba ne, Baba, kawai na yi calming ɗinsa."

"Ban tambaye ka Turanci ba. Faro mini daga farko. Ni na yi aikin nan har na tsufa ana bin umarnina, ban taɓa sanin ni ake ji ba ko abin da ke ƙuguna."

Baha'uddeen ya faro daga farko. Bai kai tsakiya ba tsohon ya katse shi, ya ce ya tsaya kusa da yawa, kuma ƙafar hagu ya kamata ya sa a gaba. Baha'uddeen ya ce sam, ba haka aka koya musu ba. Sufeto ya ce waɗanda suka koya musu yaushe aka haife su? Tuwo ya huce a Gumel.

Marigayin ya rasu ya bar rimot ɗaya, wanda ya koma yawonsa na da, yanzu haka ba a san inda yake ba. Ya bar hita, wadda har gobe ba ta amsa laifinta ba, da cokali mai lanƙwasasshen kai. Ya kuma bar Karimatu, wadda ta nemi a sanar cewa ita taimako ta yi. Bindiga mai lamba tara, da aka yi musu baiko tun kafin a haife shi, ba ta samu labari ba, don ba a san adireshinta ba.

Rabin da ya tafi Gumel an ce baduku ya sake ɗinke shi, yana riƙe da tabarau ɗin Sufeto, kuma ya fara koyon siffarsa. Rabin da ya rage za a binne shi ranar Asabar mai zuwa bayan azahar, a ɗan lambun bayan gida, gindin na'a-na'a, tunda an duba kaf kwandunan sharar da hukumar unguwa ta raba, kowanne da irin shararsa, ba a ga wanda ya dace da ɗan asali ba. Za a sha shayi, za a ci ƙosai. Ba za a yi harbin ban girma ba, bisa dalilin da ba sai an maimaita ba. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa ƙaryarmu ta tsaya iya nan.

Ana karɓar gaisuwa a gida kowace rana in mai gidan ba ya shift. Masu yi ta waya kuma ana roƙonsu su kauce wa Lahadi bayan la'asar. Layin na Baba ne, kuma yanzu ba ya saurin ajiyewa.