Ankon da Ya Ɓatar da Iya

"Barka da hutawa, amarya. Ashe yaji aka yi mini, har an samu sabon gida?"

"Barka kadai, miji marar cefane. Sai yanzu ka tuna kana da mata?"

Iya Hauwa'u ta amsa ba tare da ta ɗago kai daga farantin shinkafa da kifin da ke cinyarta ba. Da murya ta gane jikanta Mahfuz, kuma da ta ji shi sai da hankalinta ya dawo jikinta, don ta tsorata ba kaɗan ba. Amma ko kusa ba za ta bari ya gane ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, Iya kuwa ba a koya mata wannan naɗi.

Rana ta uku ga Sallah ce, gidansu kaf aka kwaso daga unguwar Liman Abaji ta garin Keffi zuwa sabon wurin wasan da aka buɗe a hanyar Abuja. Mutane kamar ƙasa. Ga lilon da ke kai yara sama su dawo suna kiran iyayensu, ga motocin karo, ga layin tikiti har bakin titi. Mahfuz, wanda ke tsaron shagon atamfar babansa a kasuwa, shi ya kawo dabarar a yi anko: kowa ya sa koriyar atamfa iri ɗaya, in an shiga turmutsutsu ba wanda zai ɓace. Dabara kam ta yi kyau a baki.

A bakin geti aka matse. Iya ta kama gefen zanin wata mai koriyar atamfa, a zatonta surukarta ce, ta bi ta tiryan-tiryan har gindin wata bishiya. Aka shimfiɗa tabarma ta zauna, aka miƙo faranti ta karɓa. Sai da maigidan ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'a, ta ji an rufe da sunan Yesu, sannan ta san ta yi ɓatan kai. Ta yi bisimillarta ta ci abincinta. Su kuma iyalin Madam Filomina daga Sabon Gari, ɓangaren miji suka ɗauka 'yar'uwar matar ce, ɓangaren mata suka ɗauka ta wajen miji ce, kowa sai "Mama, ƙara kifi" yake.

Abin da ya kawo wannan kuwa Iya ta san shi, ita kaɗai. Yanar ido ce ta fara rufe mata gani. Launi take gani, fuska kuwa sai ta matso sosai. Ɗanta Alhaji Abubakar Sadiq, baban Mahfuz, ya riga ya faɗa tun da azumi, ranar da ta zuba gishiri a kunu, cewa in aka sake samun wani abu zai ɗauke ta daga gidanta ya mai da ita wurinsa a Abuja, bene hawa na uku. Ita kuwa gidan da aka kai ta tana amarya, da agwaginta, da maƙwabtan da ke shigo mata ba sallama, ba ta ga abin da zai raba ta da su ba sai mutuwa.

"Awa guda ina nemanki," in ji Mahfuz, yana haki. "Na duba wajen lilo, na duba wajen masu gugguru, har gidan namun daji na leƙa, na ce ko sun ga 'yar'uwa sun riƙe."

"Da ka tsaya a kejin birai ai da an ba ka ɗaki. Ni ban ɓata ba. Ziyara na zo."

"Ziyara. To, mene ne sunan matar gidan?"

"Ba a tambayar sunan mai alheri. Kai da na san sunanka, me ka taɓa ba ni? Shekara ashirin da huɗu ina aure da kai, ko kan kifi ban gani ba. Waɗannan awa ɗaya, kifi biyu."

"Ai ni tsoro nake, Iya. Haƙori uku gare ki, in ƙaya ta tafi da ɗaya wa zai biya diyya?"

"Ukun nan sun ci naman da ba za ka gani ba har ka tsufa. Ka ga wuyanka kuwa? Kamar mariƙin lema. Wace mace za ta zauna da kai in ba mai haƙuri irina ba?"

Madam Filomina ta bar zuba zoɓo tana dariya. "Mama, ashe wannan ne oga ɗinki? Kai, kin yi ƙoƙari." Sai ta tsaya, ta ƙare wa Mahfuz kallo daga rigarsa ta koriyar atamfa har fuska. "Tsaya tukuna. Ba kai ne yaron shagon nan ba? Kai ka sayar mana da wannan zani. Ka ce duk Keffi mu kaɗai za mu sa."

Mahfuz ya fara duban lilo kamar yau ya fara ganinsa.

Iya ta ajiye cokali. Allah ya kawo mata nama har gida, ba ta ga dalilin yin sauri ba.

"Maimaita, 'yar nan. Me ya ce?"

"Ya ce turmi goma kawai suka shigo Najeriya. Mun zo nan, Mama, mun ga matan unguwar Jigwada sun fi talatin da shi, bikin suna suka yi. Har mai sayar da askirim shi ta ɗaura."

"Mu ma turmi goman nan ya ce mana. Ashe turmin naka haihuwa yake yi, maigida?"

"Kasuwa ce, Iya. Kaya mai kyau shi ke sayar da kansa."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka sa wa rabin gari riga ɗaya kamar 'yan firamare, sannan ka zo kana ce mini na ɓata. Ko uwar da ta haifi mutum ba za ta gane ɗanta a filin nan ba."

"Kowa ya gane nasa sai ke. Jikarki Jannat 'yar shekara biyar ma ba ta bi wani ba. Kama da wane ba ta wane, ke kika koya mini."

"Jannat ɗauke ta aka yi. Da kai namiji ne da ka goya ni."

"In goya buhun masara? Sai dai a kira keke."

"Ni ce buhu? Zo nan, ɗan nema."

Iya ta miƙe da ƙarfin da ba wanda ya zata, ta miƙa hannu wajen doguwar koriyar rigar da ke tsaye a gabanta, ta cafke kunne ta murɗa.

"Wayyo, Mama, ni ne. Victor ne."

Ɗan Madam Filomina ne, ya kawo mata ruwan wanke hannu. Mahfuz yana can gefen hagu, taku uku tsakaninsu.

Kowa ya fashe da dariya, har shi Victor ɗin da ke murza kunne. Iya ma ta yi, ta ce ai da gangan ne, tana so ta gwada ko kunnen wannan ya fi na mijinta kauri. Amma a cikin dariyar duka ba ta ji ta Mahfuz ba, kuma wannan shirun ya fi komai ɗaga mata hankali. Ta koma ta zauna. Sai ta ji Mahfuz ya tsuguna dab da ita, ya rage murya.

"Iya, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Rana tsaka ce. Victor ya fi ni tsawo, ya fi ni haske, ga gemu."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau lilon can ba zai gani ba."

"Na yarda. To hango mini abin da aka rubuta a allon can."

"Ban yi boko ba."

"Hoton zaki ne, Iya. Ba rubutu a jiki."

Ihun yara ya taso daga lilo ya sauka. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin yaron, ta kuma ji tsoro ƙarara irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

"In ka gaya wa babanku," ta ce a hankali, don ba ta kiran sunan ɗan fari, "gobe war haka ina saman bene ina kallon bango. Can ko zakara ba ya cara. Wata uku ba zan yi ba."

Kafin ya amsa wayarsa ta ɗauki ƙara. Ya duba, ya ce, "Ga shi kuwa." Ya danna ya buɗe murya yadda za ta ji.

"Ka same ta?" Muryar Alhaji ba wasa a cikinta.

"Na same ta, Baba. Lafiyarta ƙalau, har ta ci ta ƙoshi."

"Yaya aka yi ta rabu da mutane? Ka gaya mini gaskiya. Idon nan ne ko?"

Iya ta damƙe bakin mayafinta. Ba ta roƙi yaron ba, don roƙo ba ya cikin aurensu. Ta dai zuba wa inuwarsa ido tana jira.

"Ankon ne, Baba," in ji Mahfuz. "Laifina ne. Atamfar nan dila guda ce, na yi ta gaya wa kowa shi kaɗai ya samu. Yanzu haka mutum ya fi ɗari da ita a nan. Ni kaina sau biyu ina bin matan da ba namu ba."

Nan aka fara ruwan faɗa ta wayar. A shagona kake wa mutane ƙarya? Sunana kake sayarwa ko atamfa? Alhaji ya ce idan an koma gida za su zauna, kuma makullin shagon ma sai ya sake tunani a kansa. Mahfuz ya yi ta "to, Baba", "na tuba, Baba", har aka gaji aka ce ya kawo ta wajen motocin karo, nan kowa yake.

Ya mai da wayar aljihu.

"Ka iya ƙarya kamar uban gidan ƙarya," in ji Iya.

"Wace ƙarya na yi? Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Yau ce ma rana ta farko da na yi ciniki da gaskiya, kin ga abin da ta jawo mini."

"Zai karɓe makullin?"

"Zai karɓe na sati biyu, ya ga ba wanda ya iya jure wa matan Keffi sai ni, ya dawo da shi. Wannan ba damuwarki ba ce. Damuwarki ita ce ranar Litinin."

"Me za a yi ranar Litinin?"

"Zan fita da matata. Asibitin ido."

"Ba inda za ni. A sa mini wuƙa a ido ina ji ina gani?"

"Kina ji dai. Ganin ai shi za mu je nema." Ya gyara tsugunno. "Kakar abokina Ismail an kankare mata tata yanar bara. Yanzu zare take sa wa allura, har ta gano mijin da ta aura mummuna ne. Ki zaɓa, Iya. Ko ki bi ni ranar Litinin mu ce kasuwa za mu, ko wata rana ki kama kunnen soja, Baba ya ji a gari. Ran nan ba atamfar da za ta cece ki."

"Barazana kake mini?"

"Cefane nake. Shekara ashirin da huɗu kina gori, yau na kawo."

"In na warke na ga fuskarka da kyau fa? Kashe auren zan yi."

"Na ɗauki kasadar. Victor yana nan, kin riga kin ja masa kunne."

Dariya ta ƙwace wa Iya, irin wadda ke fitowa da hawaye, ta goge da bakin mayafi ta ce hayaƙin masu gasa nama ne. Ta lalubo farantin, ta ɗauko kifi na biyu da ba ta taɓa ba, ta miƙa wajen da muryarsa take.

"Ungo. Ka ci, ko wuyan nan ya yi kauri. Litinin ɗin da sassafe za ka zo, kafin maƙwabta su fara shigowa. Kuma ba zan hau acaɓa ba."

"An gama, ranki ya daɗe."

Ta yi wa Madam Filomina godiya, ta sa wa yaranta albarka ɗaya bayan ɗaya, ta kwatanta mata gida a Liman Abaji, ta ce lallai su zo cin tuwo. Sannan ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. Gabanta ba komai sai kore yana ta kai da komo, ko'ina kore. Ta tsaya cak.

"Mahfuz."

"Na'am."

"Kawo hannunka in riƙe. Ba don komai ba, kar ka sake ɓata."

Ya miƙa mata, ta riƙe gam, suka shiga cikin mutane.