Jar Alhamis ta Sarkin Kalanda

"Ni da kuke gani, ban taɓa ƙona ranar hutuna ko ɗaya a kan hanya ba. Jajayen ranakun kalanda, na hutun gwamnati, nake hawa, in je in dawo, hutuna na shekara yana nan cif!"

Da wannan kirari Sarkin Kalanda yake buɗe kowace Litinin a ofishinsu na inshora. Sarautar nan, abokina, ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa. A bayan idonsa Gobe-Hutu ake ce masa. Gajere ne mai tumbi, jan biro a bayan kunne, kalanda a bango daidai ƙeyarsa. Kalandar ma kyauta ce daga yayan matarsa, wanda yara ke kira Kawu, mai shagon taya a wani yanki mai nisan awa biyar. Ranar da ta iso, Sarkin Kalanda ya sa almakashi ya datse ƙasanta, inda aka rubuta sunan shago da adireshi da wasu ƙananan bayanai. "Ba zan yi wa suruki talla a banza ba," in ji shi.

To, ana nan sai 'yarsa Auta ta samu gurbi a makarantar koyon jinya. Sharaɗi ɗaya ne: ta kai takardar shaidar kammala sakandare, ta asali, kafin ƙarfe sha biyun ranar Juma'ar ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wata gurbin. Takardar kuwa tana can makarantar da ta yi a garin Kawu, lokacin da take zaune a gidansa.

"Baban Auta, ka ɗauki kwana ɗaya ka je ka karɓo mata," in ji matarsa.

"Kwana ɗaya? Daga hutuna? Ke dai ba ki san lissafi ba."

Mako ya wuce, wani ya bi shi. Auta ta daina cin abincin kirki. Uban yana ta jiran ranarsa, domin ya hango wata Alhamis ja wur a kalanda, ana gobe wa'adi zai cika.

Ran Litinin ya tara abokan aiki don su sha ilimi. "Ku dubi nan. Wannan jar ba ta ƙasa baki ɗaya ba ce, ta yanki ce. Ma'ana mu muna hutu, su can suna aiki. In tashi da asuba, in karɓi takarda da hantsi, in dawo da la'asar. Ko manaja ba sai ya ji ba."

Sakatariya ta ɗago kai daga kwamfuta. "Malam, ni fa ban ji an ce akwai hutu ran Alhamis ba."

"Ina za ki ji? Sabo ne, bana aka ƙirƙiro shi. Masu bin labarai kaɗai suka sani."

Daidai nan dattijon masinjan ofis ya shigo da wani ambulan mai ruwan ƙasa. "Wani direba ne ya kawo maka, ya ce..."

"Riƙe 'ya ce' ɗinka, Baba. Miƙo nan, dama takarda nake nema."

Ko kallon gaban ambulan ɗin bai yi ba. Ya kifa shi a tebur, ya zaro jan biro, ya zana tsarin tafiya a bayansa: ƙarfe biyar tasha, ƙarfe goma makaranta, ƙarfe huɗu gida. Ya ja layi biyu a ƙasa, ya sa hannu, ya zura shi a aljihun riga. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu a ranar, Kawu ne. Ya ƙi ɗauka. "Surutun taya zai yi min, kuma ya ce in sauka gidansa."

Ran Alhamis komai ya tafi yadda aka zana, har zuwa ƙarfe goma. Sarkin Kalanda ya sauka gaban makaranta yana gyara riga, ya tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo kamar kan jariri. Mai gadi na kwance a benci yana jin rediyo.

"Kai, buɗe! Wajen shugaban makaranta na zo."

"Sai Litinin, Malam. Yau hutu ne, ranar da aka kafa yankinmu. Gobe ma an haɗa mana."

"Wane irin hutu? Wannan hutun namu ne, ba naku ba!"

Mai gadi ya rage sautin rediyo, ya dube shi sama da ƙasa. "To, watakila ku kuka ara mana. Shekara talatin muna yinsa, ba ku zo karɓa ba."

Sai ga waya ta yi ƙara. Manaja ne.

"Kana ina? Mutum bakwai sun yi layi a teburinka!"

"Ranka ya daɗe, ai yau ja ce."

"A kalandar wa?"

Nan ne, abokina, almakashin nan ya faɗo masa a rai. Ya dafe kai. Kalandar mai taya, ta garin mai taya, da hutun garin mai taya.

"Za a cire maka yau daga hutunka," in ji manaja. "In ban gan ka gobe da safe ba, a cire biyu." Ƙit, ya kashe.

Amma ba manaja ne ya fi damunsa ba. Fuskar Auta ce ta tsaya masa a ido, kuma wannan karon da gaske ya ji tsoro. Ya haɗiye girman kai ya nufi gidan Kawu, ko zai san wani malami mai makulli. Nan ma kwaɗo. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga.

"Sun yi tafiya tun safe. Ya ce tunda hutu ne, bari ya je ya ga ƙanwarsa."

Ƙanwarsa, wato matar Sarkin Kalanda. Sun yi saɓani a hanya ke nan. Kiran Kawu a waya kuwa, bayan ya ƙi ɗaukar nasa har sau biyu, kunya ta hana, sai ma ya kashe wayar baki ɗaya.

A tasha babu mota ko ta magani. Duk garin ya kwashe ya tafi ziyara da safe, direbobin da suka rage sun kulle motocinsu sun tafi gida. Da ƙyar ya samu wata akori-kura mai ɗauke da kwandunan kaji, wadda ta lalace sau uku a hanya. An je neman ƙiba an samo rama.

Ƙarfe goma na safiyar Juma'a ya shiga gida, hula a karkace, gashin kaza a gemu. Saura awa biyu. Auta na zaune a bakin ƙofar ɗaki, idanunta sun kumbura. A falo, a kan kujerar Sarkin Kalanda shi kansa, Kawu ne ya miƙe ƙafa yana shan shayi a kofinsa.

"Baba, ina takardar?" in ji Auta.

Ya kasa kallonta. Sai ya juya kan Kawu, domin mai neman mafita ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. "Yaya, kalandarka ce ta cuce ni! Lissafina ba kuskure ko ɗaya. Ga shi, kowa ya duba!" Ya zaro ambulan daga aljihu, ya buga a tebur.

Kawu ya ajiye kofi. Ya ɗauki ambulan ɗin, ya karanta ƙarfe biyar tasha, ƙarfe goma makaranta. Sannan ya juya shi. Rubutun hannunsa ne a gaba, manya-manya.

"Ikon Allah. Wannan ai shi ne saƙon da na aiko maka ran Litinin. Yarinyar ta kira ni tana kuka, na je na karɓo mata takardar, tunda ni ne waliyyinta a makarantar. Na buga maka waya sau biyu. Da na iso jiya na ce musu takardar tana wajenka, suka ce ka tafi nemanta, wayarka kuma a kashe."

Auta ta fizge ambulan, ta yage bakinsa. Takardar ce, da hatiminta, ta ɗan lanƙwashe, tana warin kaji. Ta yi ihu ta rungume Kawu. Ya ɗauki makullin mota, suka fita da gudu.

Sarkin Kalanda ya tsaya a tsakiyar falo. Hutun kwana biyu ya tafi, mutunci ya bi bayansa. Matarsa ta zo ta cire masa gashin kaza daga gemu, a hankali, kamar mai tausayi.

"Sannu da hanya, Baban Auta," in ji ta. "Ka kyauta. Da takardar ta tafi ba ta yi sallama da makarantarsu ba."