Ranar da Na Gyara wa Surukina Kuloci

Na yarda, wauta ba ta jin kunyar furfura. Surukina Habibu yana da wata tsohuwar motar Amurkawa mai gurnani, yana lallaɓa ta kamar jaririya. Ya sayo sababbin sandunan da ke haɗa fedar kuloci da giya, zai kai wa makanike. Na ce, "Wane makanike? Ni da na shekara goma ina bin manyan motoci a Maraɗi?" Kunya ta hana shi musu. Takardar bayanin da ta zo da sandunan kuwa, tunda ni da boko sai gaisuwa, shimfiɗa ta na yi na durƙusa a kai.

Na tuɓe silifas, na cusa kai ƙarƙashin sitiyari, na ɗaure komai tamau. Habibu ya tada mota, ya taka kuloci, giya ta ƙi shiga, sai ƙara kamar injin niƙa. Na ce a raina, shi ke nan! Na kashe wa mijin 'yata mota, da wane ido zan sake zuwa gidansu a nan garin McLeansville na Amurka?

Aka kira Malam Issaka, makanike ɗan zangon Kumasi. Ya leƙa da tocila, ya zaro silifas ɗina ƙafa ɗaya daga bayan feda. Tun azahar nake cigiyarsa! Giya ta shiga sumul, ashe aikina ba shi da aibu. Na sauke ajiyar zuciya.

Abin da na kasa amsawa har yau shi ne maganar Issaka duk Juma'a a ƙofar masallaci: "Alhaji, duba takalmanka sun cika biyu, jama'a za su tada mota."