Yadda Delbert Ya Ari Zuciyar Saniya

"Zuciyata? Ku bar zancen zuciyata! Injin tarakta Allah ya dasa mini a ƙirji, ko ƙanƙara ta rufe gari bugu ɗaya yake tashi!"

Delbert Zastrow ke nan, maƙwabcina, yana dukan teburin shagon kofi na garinmu har cokula na tsalle. Shekara talatin gonarsa na jingine da tawa a nan Wisconsin, kowa da shanunsa na tatsa, kuma ban taɓa jin bakin nan ya ce "ban sani ba." Ya fi likitan dabbobi sanin shanu, ya fi rediyo sanin ruwan gobe. Amma babban abin tinƙahonsa farautar barewa ce. Kwana tara ce kacal a watan Nuwamba, kuma shekara arba'in da ɗaya bai taɓa fashi ba. Ranar da aka haifi 'yarsa ma daga kan bishiyar da yake hawa ya yi kwanton barewa aka sauko da shi.

To, Lahadin da ta biyo bayan wannan cika bakin, ana tsakiyar waƙa a coci, sai injin tarakta ya fara tari. Gogan ya jiƙe sharkaf da gumi, ya zauna daɓas. Ya raɗa wa matarsa Marlys wai iskar ciki ce, wake ya ci jiya. Marlys ta ja shi zuwa mota, sai asibiti.

Likita Nyhus, wata siririya mai tabarau, ta yi masa bayani dalla-dalla. Sashen sama na zuciyarsa ya daina bugawa a kan tsari, sai karkarwa. In aka bar shi haka jini na iya daskarewa a ciki, gudan ya haura kai, ɓarin jiki ya shanye. Ta rubuta maganin tsinka jini da na daidaita bugu, ta hana giya, ta ce kofi ɗaya a rana. Sannan ta manna masa wata 'yar na'ura a ƙirji, ba ta fi akwatin ashana ba, ta ce kwana bakwai za ta yi tana naɗar bugun zuciyarsa da motsinsa, shi kuma ya riƙa rubuta abin da yake yi a ɗan littafi.

"Farauta fa?" in ji Delbert.

"In na'ura ta ce lafiya, ka tafi. In ta ce a'a, bana ka huta."

Marlys ta buɗe jaka, ta nuna masa makullin kabad ɗin bindiga, ta mayar ta zuge.

Washegari da hantsi ya kira ni garkensa. Na tarar da shi da reza a hannu ɗaya, kofi na huɗu a ɗaya hannun.

"Arlo, sau nawa zuciyar saniya ke bugawa a minti?"

"Sittin zuwa saba'in."

"Ta mutum fa?"

Na gane inda ya dosa. Ya yi murmushin nan nasa na wanda ya riga kowa wayo.

"Ka gani? Su sun yi boko, mu mun yi shanu. Riƙe mini wutsiyar Lucille."

Lucille tsohuwar saniya ce mai sanyin hali, ko aradu aka yi ba ta fasa tuƙa. Delbert ya ce ya zaɓe ta ne don juya ce, shekara biyu ba ta ɗauka ba, ba ta da abin da zai tayar mata da hankali. Na ce ai na ga cikinta ya ɗan fito. Ya ce ƙiba ce, in bar wa masana aikinsu. Ya aske mata bayan ƙafar gaba, ya ɓanɓaro na'urar daga ƙirjinsa yana ihu don ta tafi da rabin gashinsa, ya liƙa mata. Kada ka tambaye ni dalilin da ya sa na riƙe wutsiyar. Ni ma ina son ganin ƙarshen abin.

Saura Marlys, wadda kullum sai ta shafa rigarsa ta ji na'ura na nan. Babban masani ya duba ko'ina, bai sami abin da ya yi daidai da girmanta ba sai rimot ɗin ƙofar gareji. Ya ɗaure shi a ƙirji da salatif.

Daga ranar gidan Zastrow ya shiga uku. Delbert ya sunkuya ɗaura takalmi, ƙofar gareji ta buɗe. Ya yi atishawa, ta rufe. Ya naɗe hannu a ƙirji zai yi wa mai kawo dusa lacca, ta hau ta sauka sau uku. Marlys ta ce a kira mai gyara.

"Wane mai gyara? Sanyi ne. Ƙarfe yana motsi da sanyi, kowa ya san wannan."

Ya buga ƙirji don jaddada magana, ƙofa ta sauko a kan bayan motar fasto da ya zo duba shi.

Ranar Laraba kare ya koro Lucille, ta zaga gona sau biyu a guje. Dole littafi ya dace da na'ura, sai Delbert ya rubuta: "Ƙarfe uku, gudun motsa jiki, minti ashirin." Marlys ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa.

"Kai ne ka yi gudu? Kai da ko gidan waya na bakin titi sai a mota?"

"Kullum ina yi, ba kya lura ne."

"Madalla. Gobe zan lura."

Gobe ta yi, Marlys ta fito da kujera ta zauna a baranda, ni kuma na jingina da shinge. Delbert ya tashi da ƙarfinsa, tumbi na gaba yana biye, ƙofar gareji na hawa da sauka da kowane taku. Bai kai rumbun masara ba ya durƙusa. Na ruga na ɗago shi, na ga leɓensa ya canza launi, na taɓa wuyansa na ji abin yana fat-fat-fat ba kai ba gindi, kamar gugguru a tukunya. Gaskiya a nan dariya ta ɗauke mini, tsoro ya kama ni sosai.

"Del, don Allah mu bar wasan nan."

"Saura kwana uku, Arlo. Kada ka tona ni."

Ban tona shi ba, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Kwana bakwai suka cika, aka aika na'ura, aka kira mu. Ni na tuƙa su, don jiri ya hana shi riƙe sitiyari, ko da yake ya ce wai yana so ne in koyi hanya. Likita ta baza takardu a tebur.

"Mista Zastrow, ban taɓa ganin zuciya mai natsuwa irin wannan ba."

Delbert ya juya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Me na faɗa? Marlys, fito da makulli."

"Sai dai 'yan tambayoyi. Na'ura ta nuna kana kwanciya awa goma sha uku a rana."

"Hutu kika ce in yi."

"Kuma muƙamuƙinka na motsi awa takwas."

"Ina tauna abinci da kyau, haka uwata ta koya mini."

"Ta kyauta. To ga babban albishir." Ta juyo takardar ta ɗora alƙalami a kan wasu ƙananan layuka. "Ka ga wannan ɗan bugun mai sauri, a ƙarƙashin babban? Zuciya ta biyu ce. Ina taya ka murna, cikin ya kai wata biyar."

Likita ta ɗago na'urar, ga gashi baƙi da fari a jikin gam ɗin.

"A garke aka haife ni, Mista Zastrow. Tun kafin a buɗe ambulan na ji ƙanshin gida."

Kana tsammanin zai ji kunya? Delbert ya miƙe tsaye.

"Ƙarya ne! Lucille juya ce! Ni na duba ta da hannuna!"

Sai a lokacin na tuna masa cewa bijimina ya tsallake shinge a watan Mayu. Ban faɗa ba a lokacin, don ya riga ya sanar wa duk gari cewa shingen da ya kafa ko giwa ba ta ƙetare shi.

Likita ta ce ya buɗe riga. Ya ce sanyi yake ji. Marlys ta buɗe masa da kanta, ta ɓanɓaro rimot, sauran rabin gashin ya bi shi. Ta daɗe tana kallon abin a tafin hannunta, idonta ya kawo ruwa.

"Saboda barewa za ka mayar da ni gwauruwa, Delbert?"

A ranar suka kwantar da shi a asibiti. Bayan 'yan kwanaki suka sa shi barci, suka jona wa ƙirjin lantarki sau ɗaya, zuciya ta dawo kan layi. Ya koma gida da magungunansa a ɗan akwati mai ranakun mako, da tafiyar ƙafa a hankali safe da yamma, Marlys na biye da agogo. Jiri ya tafi, launinsa ya dawo, bakin ma ya dawo, har ya fara cewa shi ya nuna wa likita inda za ta jona wayar.

Sai dai labari ya riga shi isa gari. Matan coci suka aiko da 'yan safar jariri saƙaƙƙu guda huɗu, wai ɗan maraƙi ƙafa huɗu gare shi. A shagon kofi aka daina ce masa Delbert, sai Maijego.

Safiyar buɗe farauta muka biyo ta ƙofar gidansa, mu biyar a mota, don mu yi masa sallama. Sai ga shi ya fito cikin jar rigar farauta, da jaka a kafaɗa, yana sanɗa.

"Ku matsa mini. Ba zan yi harbi ba, ba zan ɗaga komai ba. Bishiyata kawai zan hau in zauna, kada shekara ta arba'in da biyu ta wuce ni."

Wallahi ya ba ni tausayi, har na kai hannu zan buɗe ƙofa. Sai Marlys ta leƙo ta taga, da murya yadda har gonar gaba za a ji:

"Delbert, dawo ciki ka ɗora ƙafa a kan matashi! Wa ya taɓa ganin mai ciki wata shida a kan bishiya?"