Ranar da Nomau Ya Sauka a Gidan Inna Kulu

Wata biyar ke nan babu Inna a gidanmu. Tabarmarta tana naɗe a jikin bango, turminta yana kife, kwanon nan mai murfi da take zuba tuwon baƙo kullum, ko da baƙo ko babu, yana ɗakinta ba mai taɓa shi. Mahaifiyata ce, mutanen unguwarmu a Ringim suna ce mata Inna Kulu. Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta, ku taya ni da amin. Tun da ta rasu, duk wanda ya zo gaisuwa da labarinta da yake tunawa, amma wanda aka fi sa ni in maimaita shi ne abin da ya haɗa ta da malamin 'yata Bara'atu.

Bara'atu tana aji uku na ƙaramar sakandare a lokacin. Malaminsu na Hausa, Malam Isyaku, ya gama karanta musu wani tsohon littafin hikaya, irin wanda iyaye suka karanta, 'ya'ya ma suka zo suka tarar. Labarin wani matafiyi ne mai suna Nomau, wanda duk gidan da ya sauka sai ya yi gaba da wani abu kafin masu gida su farga. Da aka kai ƙarshen littafin sai Malam ya ba su aiki. Ya ce kowa ya ɗauko Nomau ya kawo shi gidansu a matsayin baƙo, ya rubuta abin da ya faru, shafi biyu. Guda uku da suka fi kyau za a karanta su da lasifika ranar taron iyaye, a faɗi sunan ɗalibi da sunan gidansu.

Bara'atu ta ɗauki abin da zafi. Ranar Asabar da hantsi ta baje a tsakar gida ta rubuta nata, sannan ta miƙe tsaye tana karantawa da ƙarfi don ta ji yadda zai fita a lasifika. Inna na gefe tana tsince wake a faifai.

"Nomau ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Aka ba shi ruwa a moɗa, aka nuna masa zaure. Da ya ga ba kowa, sai ya kwance akuyar Inna..."

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin wake.

"Ke, dawo baya. Me aka ba shi?"

"Ruwa, Inna."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Ai akuyar zai sace."

"Akuya ta tafi, da ma ta ishe ni da cin shanya. Tambayarki nake, a gidan wa aka ba baƙo ruwa aka ce shi ke nan?"

"Inna, labari ne fa."

"Labarin da za a karanta da lasifika? Gaban Hajiya Tasalla da duk matan unguwar nan? A ce gidan Kulu, baƙo ya zo, ruwa?"

Shekara arba'in da ɗoriya Inna ta yi a gidan nan, kuma ba ta da abin alfahari sai guda ɗaya: ba wanda ya taɓa yin sallama a ƙofarta ya fita da yunwa. Mai sayar da itace ya ci, mai awon filaye ya ci, har mutumin da ya zo yanke mana wutar lantarki sai da ya sha kunu kafin ya hau tsani. Yanzu ga jikarta ta cikinta za ta rushe mata wannan suna da biro, a shafi biyu.

Ta ture faifan wake gefe. "Yage wannan. Ɗauko sabuwar takarda. Ni zan faɗa, ke ki rubuta."

Aka fara daga gaisuwa. Inna ta ce a tambaye shi hanya, a tambaye shi gajiya, a tambaye shi ruwan garinsu, a tambaye shi mutanen gida.

"Inna, ba shi da iyali. Shi kaɗai yake yawonsa."

"Ayya, bawan Allah. To rubuta na yi masa jaje."

Bayan ruwa aka dama masa fura. Bayan fura aka kai masa ruwan wanka da sabon sabulu, ba guntu ba. Aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta ce a rubuta cewa ta karauni ce, wadda ba a fito da ita sai da dalili. Daga nan aka zo kan tuwo.

"Tuwon dawa, miyar kuka," in ji Bara'atu, tana sauri ta wuce wurin.

"Da me a ciki?"

"Da... daddawa."

"Miyar lami za ki ba shi, ba nama? Rubuta an yanka masa zabuwa."

"Inna, zabi biyu kacal gare mu."

"Ja'ira, a takarda ma rowa za ki yi? Ko biron ne zai ƙare? Rubuta. Ki sa man shanu, ki ce an soya shi da albasa."

Bara'atu ta rubuta ya ci ya ƙoshi. Inna ta ce ba haka ake yi ba. Baƙo mai kunya ba ya ƙoshi da kwanon farko, cewa yake ya ƙoshi. Sai aka rubuta ya ce alhamdu lillahi, Inna ta ce ba ta yarda ba, ya rantse, ta ce rantsuwar baƙo a kan abinci ba ta kama ta, aka ƙara masa. Wannan jayayya kaɗai ta ci shafi guda. Da la'asar aka ba shi dambun zogale. Washegari koko da ƙosai. Da zai tafi aka ƙulla masa gyaɗa da soyayyen kifi, aka cika masa gora da fura, Inna da kanta ta raka shi har bakin titi.

Bara'atu ta ajiye biro tana yarfe hannu. "To Inna, yaushe zai yi satar?"

"Da wane hannun? Ɗaya na riƙe da ƙullin guzuri, ɗaya na riƙe da gora."

Shafi bakwai suka tashi da shi.

Ranar Laraba Bara'atu ta dawo daga makaranta ido ya yi ja. Malam Isyaku ya ba ta uku cikin ashirin. A ƙasa ya rubuta da jan biro: "Wannan ba labari ba ne, jerin abinci ne. Ina satar? Sake rubutawa." Ta jefar da takardun a gaban Inna tana kuka, ta ce ga shi nan, an ja mata, da ta bar nata na akuya da yanzu tana cikin ukun da za a karanta. Ta ce gobe za ta mayar da ruwanta da akuyarta.

Kukan ya taɓa Inna, don duk cikin jikokinta ba wadda take ji da ita kamar Bara'atu. Amma ruwa a moɗa kuma, a lasifika, wannan ba za ta iya haɗiye shi ba. Ta ɗauki takardun tana kallon jan rubutun da ba ta iya karantawa. Can ta ce, "Share hawayenki. Ɗauko mini littafin nan. Ina so in ji ko wane ne wannan mutum da na ciyar."

Kwana uku ana yi. Kullum bayan la'asar Bara'atu tana karantawa, Inna tana saurare da carbi a hannu. Ba ta kula da yadda Nomau yake tsallake katanga ko yadda yake yi wa dogarai wayo ba. Amma duk gidan da ya sauka sai ta ce, "Tsaya. Me suka ba shi?" Idan aka faɗa mata sai ta girgiza kai ta ja ƙwayar carbi ɗaya.

Ranar Litinin ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta ce in rufe shagon gyaran babur in kai ta makaranta. Na ce Inna a bar maganar nan. Ta ce in ba zan kai ta ba ƙafarta lafiya lau. Na tayar da babur.

Tun da hantsi muka isa, Malam Isyaku yana aji, sai da rana ta take sannan ya shigo ɗakin malamai. Matashi ne mai tabarau, ba shi da laifi wajen ladabi, ya durƙusa ya gaishe ta. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya gyara zama, ya ɗauko muryar da yake koyarwa da ita. Sauran malamai uku da ke ɗakin suka yi kamar suna duba takardu.

"Inna, abin da ya sa na ba ta uku shi ne, kowane mutum a cikin littafi yana da halinsa. Shi Nomau ɓarawo ne. In ka ɗauko shi, dole ka ɗauko shi da halinsa. A rubutun Bara'atu ya kwana ya tashi bai ɗauki ko allura ba. Wannan ba Nomau ba ne."

"Ɗan nan, ka karanta littafin duka kuwa?"

Malam ya yi murmushi. "Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da shi."

"Madalla. Gida nawa ya sauka?"

"Tara."

"Ka iya. A gidan farko, na attajirin nan mai jakuna, me aka ba shi?"

Malam ya ɗan ɗaga kai sama. "Marubucin bai... an dai nuna masa inda zai kwanta."

"Rumfar jakuna. Ko ruwa babu. Gida na biyu fa?"

"Ina jin..."

"Ƙanzo. Shi ma ba a jiƙa ba. Na uku ruwa. Na huɗu, matar gidan ta ce an riga an wanke tukunya. Na biyar ɓarin goro, mutum ya yi tafiyar kwana biyu a ƙafa, goro! Na shida suna cin nama suka ɓoye da suka ji sallamarsa."

Malam Isyaku ya jawo littafin daga kan tebur ya fara buɗawa da sauri. Ya duba nan, ya lashi yatsa ya duba can. Ɗaya daga cikin malaman ya ajiye takardun da yake fakewa da su ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Duba da kyau, ba sauri nake ba," in ji Inna. "Na bakwai da na takwas ba a ko tambaye shi ba. Na tara ruwa ne kuma, mai ɗumi. Littafi tun daga bangon farko har na ƙarshe, bawan Allah bai ci ya ƙoshi ba ko sau ɗaya. Ku kuna zaune kuna ce masa ɓarawo shekara goma sha ɗaya. Ni kwana ɗaya ya yi a gidana na gane ciwonsa. Ya zo, ya ci, ya ƙoshi, ya tafi da mutuncinsa. Ina ƙaryar a nan?"

Malamin da ya juyo da kujera ya ce, "Isyaku, wallahi duba gida na shida, gaskiyarta ne." Sauran suka fashe da dariya.

Malam Isyaku ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallon littafin kamar yau aka ba shi. Daga nan ya nemo takardun Bara'atu, ya soke ukun nan, ya rubuta sha bakwai. Ya ce za a karanta shi ranar taro, amma don Allah a rage shi ya koma shafi huɗu, kada iyaye su ji yunwa kafin a tashi.

"A rage daga gaisuwa," in ji Inna. "Amma kada a taɓa zabuwa."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, tana gyara mayafi. Shi kuwa Malam, da ya ga abokan aikinsa har yanzu suna ƙunshe dariya, sai ya ga bai kamata a tashi bai ce komai ba. Ya raka ta bakin ƙofa yana murmushi.

"Amma dai Inna, tsakani da Allah, kin san mutumin nan babu shi ko? Ba a taɓa yin sa a duniya ba. Duk wannan fura da zabuwa, wanda babu shi kika ba."

Inna ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Wanda babu shi ya zo gidana ya ci ya ƙoshi. Kai da akwai ka, tun hantsi nake zaune a ɗakinka, ko ruwan moɗar ba ka ba ni ba."