Lallen Ƙauyen Japan

Ni da na yi wa rabin amaren unguwar Bab Makka ƙunshi, wa zai koya mini lalle? 'Yata Rabi tana aiki a unguwar Abhur, gidan wata 'yar Japan. Matar ta je ƙauyensu mai duwatsu, inda tun kakanni ganye ɗaya suke nomawa, ta yo mata tsarabar wani koren gari.

Da Rabi ta kawo shi gida ta ce, "Inna, bari in tambaye ta ko mene ne."

"Tambayar me? Lalle ne, na manya!"

Na kwaɓa, na ƙunsa wa amaryar maƙwabtanmu, na hana ta motsi tun hantsi har la'asar. Aka wanke ƙafa, fes, ba ko alamar ja! Ashe shayinsu ne.

Har yau in na ratsa kasuwa sai mata su ce, "Hajiya, lalle kofi biyu, kar a cika sukari!"